Lokacin da Ƙasar Zuru Take Kusa da Bakin Teku

Matafiyin da ya taso daga Birnin Kebbi da safe ya nufi Zuru, ya bi ta Jega da Koko, sannan ya karya gabas ta Mahuta zuwa Dabai, zai ga ƙasa tana sauya kama a gabansa ko da bai san dalili ba. A farkon tafiya shimfiɗaɗɗen fili ne, ga yashi, ga fadamu, ga 'yan tuddai masu shafaffen kai kamar an daidaita su da magwaji. Can gaba sai duwatsu su fara leƙowa daga cikin gonaki, da farko falale nan da can, daga baya kuma tsaunuka sosai. Babu allo a bakin hanya da zai sanar da shi, amma a wani wuri cikin wannan tafiya ya tsallake iyakar da ta girmi ta kowace masarauta da kowace jiha. Ya bar wani tsohon kwari da koguna da teku suka cika da yashi da laka, ya hau tudun da ya tsaya a gefensa.

A yau tsakanin Zuru da gaɓar teku a Legas akwai kusan kilomita 600 a miƙe. Duk da haka ruwa ya shiga tarihin wannan ƙasa sau biyu. Karo na farko shi ne ya tara yashin da ya zama duwatsunta. Karo na biyu kuwa ya zo ya tarar da ita tudu, ya malale kwaruruwan da ke gefenta. Abin da ya faru a waɗannan lokuta biyu, da abin da ya faru tsakaninsu, shi ne har gobe yake yanke hukunci kan inda rijiya za ta ba da ruwa, da inda zinare yake, da inda guba take.

Dutsen da asalinsa yashi ne

Masana ilimin duwatsu sun raba Najeriya kashi biyu manya. Kashi na farko shi ne tsohon dutse mai tauri wanda shi ne harsashin ƙasar, na biyu kuma kwaruruwa ne da shimfiɗun yashi da laka da farar ƙasa suka rufe harsashin a cikinsu. Masarautar Zuru, da ƙananan hukumominta huɗu, wato Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, tana kan kashi na farko. Tsufan wannan harsashi ya wuce misali. A cikin garin Kaduna an auna wani dutse nasa aka samu ya haura shekara biliyan 3 da rabi, alhali ita duniyar kanta shekarunta wajen biliyan 4 da rabi ne.

A cikin harsashin, a arewa maso yammacin Najeriya, akwai wasu dogayen zirare na dutse mai falle-falle, wanda idan aka fasa shi yake rabuwa kamar shafukan littafi. Sun miƙe kusan daga arewa zuwa kudu, kuma an raɗa musu sunayen garuruwan da ke kansu: Anka, Maru, Wonaka, Malumfashi, Birnin Gwari, Kushaka. Zirin Zuru shi ne mafi girma a cikin na arewa, tsawonsa kusan kilomita 280, faɗinsa kuma ya kai 40 a inda ya fi faɗi. Galibin dutsensa farin dutse ne mai tsananin tauri, wanda ake kira kwazayit, a cakuɗe da mai falle-falle ɗin nan da ke ƙyalli idan rana ta haska shi.

Asalin waɗannan duwatsu biyu sananne ne. Farin dutsen yashi ne da ya daskare, mai falle-fallen kuma laka ce. Yashi da laka ba sa taruwa shimfiɗa kan shimfiɗa da irin wannan kauri sai a ƙarƙashin ruwa. Ke nan wanda ya ɗauki tsinken dutse a gonarsa a ƙasar Zuru, yana riƙe ne da ƙasan wani ruwa da ya ƙafe tun kafin a sami itace ko dabba a doron ƙasa. Masana sun rabu kan shekarun wannan taruwa. Wasu suna danganta zirarran da duwatsun zinare na Gana da Burkina Faso, masu kimanin shekara biliyan 2, wasu kuma suna ganin ba su kai shekara biliyan 1 ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne abin da ya same su daga baya.

Karon nahiyoyi

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Manyan faifai ne da ke motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, kwatankwacin yadda farce yake tsiro. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, akwai wani teku tsakanin tsohon tudun Afirka ta Yamma, wanda Gana da Kwaddibuwa da yammacin Mali suke kansa a yau, da ƙasashen da ke gabas da shi. Wannan teku ya riƙa ƙuntata har ya rufe, ɓangarorin biyu suka gwabza. Ƙasar da za ta zama Najeriya tana gefen gabas na karon, kuma ta sha matsa sosai. Masani W. Q. Kennedy ne a 1964 ya raɗa wa wannan al'amari sunan da ke nuna ya game Afirka, domin an ga tabonsa a sassa da dama na nahiyar.

Matsi da zafi suka toya tsohon yashin ya zama farin dutse, lakar ta zama falle-falle, shimfiɗun da ke kwance suka lanƙwashe, wasu suka miƙe tsaye. Daga can ƙasa narkakken dutse ya taso ya kutsa cikinsu, ya huce a hankali ya zama giranit, wato dutsen nan mai ɗigo-ɗigo da ake fasawa a yi tsakuwar gini. J. D. Falconer, wanda ya zagaya Arewacin Najeriya yana binciken ma'adinai a farkon mulkin Turawa, ya kuma wallafa littafinsa a 1911, shi ya bambanta wannan tsohon giranit da ƙaramin na tsaunukan Jos mai ɗauke da kuza, wanda ya zo bayansa da ɗaruruwan miliyoyin shekaru.

Sakamakon karon shi ne jerin tsaunuka. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya auna duwatsu daga Mali da Togo da arewa maso gabashin Barazil, ya nuna cewa jerin ya kai tsawon kilomita 2,500 ko fiye, kuma a girma ana iya kwatanta shi da Himalaya. Shigar Barazil cikin lissafin ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin babu Tekun Atilantika. Afirka da Kudancin Amurka a manne suke cikin wata babbar nahiya da ake kira Gwandawana, shi ya sa duwatsun yankin Borborema na Barazil suke kama da na Najeriya kamar an tsaga kara.

Daga nan sai dogon zamani na zaizaya. Ruwan sama da rana da iska suka yi ta cin tsaunukan na tsawon ɗaruruwan miliyoyin shekaru, har aka kwashe kilomitoci na dutse daga samansu. Abin da ake gani a Zuru a yau saiwar waɗancan tsaunuka ce, dutsen da ya toyu a can cikin ƙasa sannan aka yaye abin da ke kansa. Farin dutse ya fi maƙwabtansa jure wa zaizaya, don haka yakan tsaya a matsayin dogon tudu, mai falle-falle kuma ya lotsa ya zama kwari inda ake noma.

Zuwan teku

Kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, Kudancin Amurka ta gama ɓallewa daga Afirka ta wajen Mashigin Gini. Tsagewar ta bar wani babban rami da ya shigo cikin ƙasa, shi ne kwarin Binuwai. Wani reshe ya lotsa ta kwarin Neja, daga wajen Lakwaja har zuwa Kwantagora, shi ne kwarin Bida. A arewa maso yamma kuma akwai wani faffaɗan kwari da ya game sassan Mali da Nijar da Benin da Najeriya, wanda ɓangarensa na Najeriya ake kira kwarin Sakkwato. Ƙasar Zuru ta kasance a kan tudun da ke tsakanin kwarin Sakkwato da na Bida.

Da farko koguna ne suka riƙa gangarowa daga irin wannan tudu suna zuba tsakuwa da yashi a cikin kwarin Sakkwato. Shimfiɗun da suka bari su ne aka sa wa sunan Gundumi da Illo, kuma a cikin na Gundumi akan tsinci kututturan itatuwa da suka zama dutse. Sannan duniya ta yi zafi, babu manyan tarin ƙanƙara a ƙarshenta na arewa da na kudu kamar yau, teku ya cika ya haura matsayinsa na yanzu da fiye da mita 100. Ruwan gishiri ya malalo cikin Afirka sau da dama tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, ya ratsa inda Hamadar Sahara take a yau. Teku ne marar zurfi, mai ɗumi, cike da rai.

A kwarin Sakkwato ya bar shaidarsa sau biyu a sarari. Shigowar farko, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, ta bar lakar Dukamaje, tsakanin yashin Taloka a ƙasa da na Wurno a sama. A cikin wannan laka aka tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku mai cin nama. W. E. Swinton ya fara bayyana shi a 1930, daga baya tawagar masana daga Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli ta samo ƙarin ƙasusuwa, a 1972 aka sa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A 1975 L. B. Halstead ya bayyana wani kada na ruwan gishiri daga yankin, ya kira shi Sokotosuchus. Shigowa ta biyu, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ta bar lakar Dange da farar ƙasar Kalambaina, wadda tarin ɓawon halittun ruwa ce. Ita ce masana'antar siminti ta Sakkwato take toyawa tun 1967. Duk gidan da aka gina da wannan siminti a Zuru, akwai ragowar wancan teku a bangonsa.

Shin ruwan Sakkwato ya haɗu da na kudu? Wasu masana suna ganin ya haɗu ta kwarin Neja da na Bida, hujjarsu kuwa ita ce kamannin halittun da aka tono a ɓangarorin biyu, irin su wani mai naɗaɗɗen ɓawo da ake kira Libycoceras, wanda aka samu a Dukamaje aka kuma samu a kudancin Najeriya. Wasu suna ganin ruwan ya shigo ne daga arewa ta mashigin Gao a Mali, ya tsaya a kwarin Sakkwato bai wuce ba. Idan ra'ayin farko ne daidai, to tudun da Zuru take kansa ya taɓa zama kamar zirin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, teku ta arewa maso yamma, mashigi ta yamma da kudu. Idan na biyu ne, to tudu ne da kogunansa suke gangarawa zuwa wani bakin teku da ke kusa. Ko ta wace fuska aka duba, ƙasar Zuru ita ce mai ba da yashi, kwarin kuma mai karɓa.

Bayan janyewar ruwa

Teku ya janye bai sake dawowa ba. Koguna da tafkuna suka ɗora yashi da yumɓu masu kauri a kan abin da ya bari, shimfiɗar da ake kira ta Gwandu, wadda ta rufe yawancin arewaci da yammacin Jihar Kebbi. Zamunan damina mai ƙarfi da rani mai tsanani suka biyo baya, ruwa ya wanke abin da zai iya narkarwa daga saman ƙasa, ya bar ƙarfe, ƙarfen ya daskare ya zama marmara. Marmara ce hular da ke kan tuddan nan masu shafaffen kai na hanyar Birnin Kebbi, kuma a wurare da yawa na ƙasar Hausa da maƙwabta daga irinta maƙera suka riƙa samun tama. A kan tsohon harsashi kuwa, ruɓewar dutse ta haifar da jar ƙasar noma da yumɓun tukwane. Matan Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun shahara da ginin tukwane da siffofin yumɓu da ake ɗorawa a kan kaburbura.

Tsaunukan sun yi wa mutane wani amfanin. A rabi na biyu na ƙarni na 19, lokacin da mahaya daga Kwantagora, a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, suke kai hare-haren kamun bayi a yankin, al'ummomi da yawa na ƙasar Zuru sun dogara da zama a kan duwatsu, inda doki ba ya da ta cewa. Bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901, sannu a hankali mutane suka riƙa saukowa fili. Wannan sarƙaƙiyar tudu da daji da ta kare kakanni, ita ce a 'yan shekarun nan take ba 'yan bindiga mafaka a iyakar Kebbi da Zamfara da Neja.

Ruwa da zinare

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta haɗa ƙasashen nan biyu cikin kasafin kuɗi ɗaya, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san da wannan ba. A cikin kwarin Sakkwato ruwa yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin yashi, shimfiɗa guda tana iya miƙewa kilomitoci da yawa. Binciken da masanan Amurka da na Najeriya suka yi a shekarun 1960, wanda H. R. Anderson da William Ogilbee suka wallafa rahotonsa a 1973, ya nuna cewa a wasu fadamun yankin Argungu da Birnin Kebbi, idan aka huda shimfiɗar Gwandu ruwa yakan taso da kansa ba tare da famfo ba. A kan harsashi labarin daban ne. Giranit da farin dutse ba su da ƙofofin da ruwa zai zauna. Sai dai a same shi a ruɓaɓɓen saman dutse, wanda kaurinsa bai cika wuce 'yan gomomin mita ba, ko a cikin tsaga. Shi ya sa rijiyar burtsatse za ta ba da ruwa a wannan unguwa, a haƙa wata a unguwar gaba ta fito a bushe, ko ta ƙafe da bazara. Ƙara zurfi cikin lafiyayyen dutse ba ya kawo ruwa. Abin da ke kawo shi shi ne gwajin ƙasa da na'urar lantarki kafin a kafa inji, da kuma ƙananan madatsun ruwa da ke tare na damina. Kwangilar da ta ƙayyade zurfi ɗaya da farashi ɗaya ga Argungu da Ribah, ba tare da kuɗin gwaji ba, an rubuta ta ne da ƙasa ɗaya a zuci.

Abin da harsashi ya hana na ruwa, ya bayar na ma'adinai. A ƙarshen karon nahiyoyi ƙasa ta tsage, ɗaya daga cikin manyan tsagogin ya bi ta Anka ya gangara zuwa Yawuri. Ruwa mai tsananin zafi ya riƙa bin tsagogin daga can ƙasa, ɗauke da narkakkun ma'adinai, ya zube su a matsayin jijiyoyin farin dutse. A cikin jijiyoyin nan zinare yake. Na Birnin Yawuri yana cikin zirin Zuru ne, kuma tun shekarun 1930 aka yi rububin haƙarsa a wannan yanki, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya karya harkar. Ta sake tashi da hauhawar farashi. A watan Yulin 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na tsara aikin ƙananan mahaƙa, wanda Kebbi take cikin jihohin da aka fara gwada shi.

Amma ruwan zafin da ya kawo zinare bai zo da shi kaɗai ba. A wasu jijiyoyin ya zo da dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma, daga baya kuma Bagega. An riƙa kawo dutsen zinare cikin gida ana daka shi ana niƙa shi, ƙurarsa mai dalma ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Bukkuyum maƙwabciyar masarautar Zuru ce, kuma jijiyoyin dutse ba sa tsayawa a iyakar jiha. Ba kowace jijiya ce mai dalma ba, amma ido ba ya iya tabbatar da wadda ba ta da ita. Gwaji ne kawai yake bambancewa, kuma gwajin ba shi da tsada idan aka kwatanta da kwashe ƙasar ƙauye guda, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta bar mallakar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, don haka lasisi daga Abuja yake fitowa. Amma rijiya da gona da tsakar gida suna hannun ƙaramar hukuma da hakimi da mai unguwa. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, wadda asalinta ya faro tun 1919, tana da taswirorin duwatsu, kuma tun 2020 akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Abin da ya rage shi ne taswirar ta iso teburin injiniyan ruwa a Mahuta da jami'in lafiya a Ribah, a ga inda tsaga ta bi kafin a kafa injin haƙa, a kuma auna dutse kafin a kai shi inda ake niƙa.